Surar Jarumi Cikin Kayan Yaƙi: Zanen Titian na Sarki Charles da Labarin Wambai Giwa na Karaye

1. Manufa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Maganar gaskiya ce a kasuwa da gaban alƙali, amma malamin tarihi ya kamata ya karɓe ta da lura. Littattafan da a ke karantarwa da su a makarantu cike su ke da surorin sarakuna da mayaƙa, yara kuwa sun fi gaskata abin da ido ya nuna musu bisa ga abin da malami ya faɗa. Nufin wannan takarda shi ne a ɗauki sura guda wadda ta shahara, a duba yadda aka yi ta, da abin da ta nuna, da abin da ta bari a ɓoye, sa'an nan a jera ta da labarin wani mayaƙin ƙasar Kano wanda ba a taɓa zana fuskarsa ba, watau Wambai Giwa na Karaye. Surar ita ce ta Sarki Charles na Biyar bisa doki a fagen yaƙin Mühlberg, wadda Titian ya zana da fentin mai a shekarar 1548. Tana rataye a gidan adana zane-zane na Prado a Madrid, babban birnin Sifaniya.

2. Sarkin da yaƙin

An haifi Charles a 1500. Ya gaji sarautar Sifaniya, da ƙasashen Holan, da kudancin Italiya, da abin da Sifaniyawa suka ci a Amurka, a 1519 kuma aka zaɓe shi babban sarkin daular da ta haɗa ƙasashen Jamus. Zamaninsa ya yi daidai da na Sarkin Kano Muhammadu Kisoki, wanda ya yi sarauta daga 1509 zuwa 1565 bisa ga lissafin Palmer. Har ma ƙafarsa ta taka Afirka, gama a 1535 ya ci Tunis, ɗaya daga cikin biranen da hanyoyin fataken Sahara ke ƙarewa.

Babbar wahalarsa a Jamus ta ke. Waɗansu sarakunan da ke ƙarƙashinsa sun bi koyarwar Martin Luther, suka bar ɗarikar Katolika, suka ƙulla ƙawance don kare kansu. Ran 24 ga Afrilu 1547 rundunar Charles ta iske ta John Frederick, sarkin Saxony, a bakin kogin Elbe kusa da garin Mühlberg. Da safe hazo ya rufe kogin. 'Yan bindigar Sifaniya suka yi ta harbi zuwa wancan ƙetare, waɗansu suka faɗa ruwa da iyo suka ƙwato jiragen abokan gaba, wani mutumin wurin kuma ya nuna mashigin da dawaki za su iya bi. Kafin dare an fatattaki mutanen Saxony, an kama sarkinsu da rauni a fuska. Wanda ya tsara rundunar a fage shi ne hakimin Alba, babban sarkin yaƙin Charles.

Bayan nasara Charles ya tara sarakunan Jamus a birnin Augsburg, ya aika aka kirawo Titian daga Venice, birnin da Larabawa ke kira Bunduƙiyya. Titian ya riga ya manyanta, ya kuma daɗe yana yi wa sarkin aiki. A Augsburg ya yi wannan sura cikin watannin bazara na 1548.

3. Abin da ke cikin surar

Fentin mai gari ne na launi da a ke niƙawa a kwaɓa da man tsirrai mai jinkirin bushewa. Saboda wannan jinkiri mai zane ya kan iya shafa launi bisa launi, siriri bisa siriri, har na ƙasa ya riƙa leƙowa ta cikin na sama. Da haka a ke samun ƙyallin ƙarfe, da taushin karan-miski, da jinin da ke ƙarƙashin fatar mutum, abubuwan da tawada da alƙalami ba su iya bayarwa. Tsayin surar santimita 335 ne, faɗinta 283, watau wajen ƙafa 11 da ƙafa 9. Wanda ya tsaya gabanta ya kan ga doki da mahayi kusan girmansu na gaske, dole kuwa ya ɗaga kai.

Sarki ya fito daga wani kurmi mai duhu a hannun hagu, ya doshi dama, inda fili ya buɗe, kogin Elbe yana can nesa. Dokin mai duhun launi ne, ya ɗaga ƙafafun gaba, ya sunkuyar da kai ga linzami. An yi masa jalala ja mai geza, da jan gashin tsuntsu a ka. Sarki yana sanye da rigar ƙarfe. Wannan ta bambanta da sulken da aka sani a ƙasar Hausa, wanda a ke saƙawa da ƙananan zobba. Tasa faranti ne na ƙarfe da aka ƙera daidai jikin mai shi, aka yi masa ado da ruwan zinariya. Jan ƙyalle ya ratsa ƙirjinsa kamar hamila, kwalkwalinsa ma da jan gashi, ya riƙe dogon mashi a hannun dama ya miƙa shi gaba. Sama ta haɗa ja da ruwan ɗorawa da toka-toka.

Kayan nan ba ƙaga su aka yi ba. Rigar ƙarfen aikin Desiderius Helmschmid ce, maƙerin Augsburg, wajen 1545, tana nan har yanzu a ma'ajiyar makaman sarakunan Sifaniya a Madrid. Luis de Ávila, wanda ya halarci yaƙin ya kuma rubuta labarinsa, ya siffanta dokin da jalalar da mashin kamar yadda su ke a surar. Ta fuskar tufafi da makamai, surar shaida ce wadda masanin tarihi zai iya dogara da ita.

4. Inda gwanintar ta ke

Abu na farko shi ne launi. Titian ya ɗauki ja guda ya raba shi wuri huɗu: gashin kwalkwali, da ƙyallen ƙirji, da jalala, da gashin kan doki. Sa'an nan ya mayar da amsarsa a cikin gajimare. Idon mai kallo ya kan bi jan nan yana zagayawa, ko ta ina ya bi kuwa sai ya komo ga ƙirjin sarki, inda hasken ya fi ƙarfi. Duhun kurmi da duhun doki su ne suka tura ƙarfen gaba har ya ke ƙyalli.

Na biyu shi ne mashin. Shi kaɗai ne miƙaƙƙen layi a cikin surar duka, ya ratsa ta daga bayan doki zuwa gabansa. Doki yana motsi, gashi yana kaɗawa, gajimare yana tafiya, amma mashi da kafaɗun mahayi ba su girgiza ba. Abin da mai zane ke so a fahimta ke nan: ƙarfi yana ƙasa, hankalin da ke sarrafa shi yana bisa. Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla ya san bambancin mahayin da doki ke wasa da shi da wanda ya ke wasa da doki.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne fuskar. Titian bai mayar da Charles saurayi ba. Ga furfura a gemu, ga haɓar nan mai tsawo ta gidansu wadda ta turo gaba, ga fata ta koɗe. Ba ya murmushi, ba ya fushi, idonsa yana kan wani abu da ke wajen surar. Mutum ne mai shekara 47 wanda ya gaji, amma bai saki linzami ba. Wannan ɗan gaskiyar da aka bari a fuska ita ce ke sa mai kallo ya yarda da sauran abin da surar ke faɗi. Da an gyara fuskar ta yi sumul, da kowa ya gane yabo ne kawai.

Na huɗu shi ne abin da aka ƙi sawa. Pietro Aretino, marubuci abokin Titian, ya ba da shawara a sa waɗanda aka ci a ƙarƙashin kofaton doki, a kuma ƙara siffofin da ke nuna addini da ɗaukaka. Ba a bi shawararsa ba. Babu gawa, babu jini, babu ko soja ɗaya. Dalilin na siyasa ne. Waɗanda aka ci talakawan Charles ne, yana zaune da sarakunansu a Augsburg yana neman sulhu, waɗansu mabiya Luther ma, irin su Maurice na Saxony, a gefensa suka yi yaƙin. Sura mai tattake Jamusawa da ta ɓata abin da a ke ƙullawa. Larurar fada ce ta kawo wannan kamewa, gwanintar Titian kuwa ita ce ta mai da larura ta zama kwarjini.

5. Inda surar ta gaza, da abin da ta ɓoye

Ma'abucin dawaki zai ga dokin bai kai mahayinsa ba. Motsinsa na rangwaɗa ne irin na ranar ado, ba na dabbar da ta ƙetare kogi ta wuni a fage ba. Amma a yi wa mai zane adalci a nan, domin gobarar da ta cinye fadar Madrid a 1734 ta taɓa surar, ƙasanta kuwa, inda ƙafafun doki su ke, shi ya fi shan wuya, an kuma yi masa gyara.

Babban abin lura shi ne shirun surar a kan abubuwa uku. Ta yi shiru a kan 'yan bindiga: su ne suka buɗe kogin, amma abin da ido ke kamawa shi ne mashi, makamin jaruman dā, wanda ke tuna wa Turawa sarakunan Rum da waliyyansu mahaya. Ta yi shiru a kan Alba da dubban mutanen da suka yi aikin, ta bar sarki shi kaɗai kamar shi ne rundunar. Ta kuma yi shiru a kan ciwo. Charles ya daɗe yana fama da ciwon gaɓoɓi mai kumbura ƙafa. Akwai wata sura ta shekarar nan ta 1548 a Munich, wadda a ke danganta ta ga Titian ko wani na hannunsa, inda sarkin ke zaune a kujera cikin baƙaƙen tufafi da sanda kusa da shi. Mutum ɗaya ne, shekara ɗaya, amma wanda ya ga ɗaya bai ga ɗayar ba ya san rabin Charles ne kawai.

Akwai kuma abin da sura ba ta da ikon faɗi ko ta so, watau abin da ya biyo baya. A 1552 Maurice ɗin nan ya juya wa Charles baya, har sarki ya gudu daga Innsbruck ya ƙetare duwatsu. A 1555 aka yi sulhun Augsburg, wanda ya bar wa kowane sarkin Jamus ya zaɓi ɗarikar ƙasarsa, abin da aka yi yaƙin Mühlberg don a hana. Charles ya sauka daga sarauta, ya rasu a 1558. Nasarar ta yi shekara 5, surar ta haura shekara 470. Rubens da Van Dyck da Velázquez duk sun bi sawunta wajen zana masu mulki bisa doki.

6. Wambai Giwa

Ƙasar Hausa ba ta gaji irin wannan zane ba. Malamai sun ƙyamaci surar mai rai, saboda haka gwanintar hannu ta tafi ga zayyanar Alƙur'ani, da aikin riga, da adon soro. Amma buƙatar da ta sa Charles ya kira Titian tana nan, aka biya ta da baki: kirari, da waƙar fada, da tarihin sarakuna.

Tarihin Kano, wanda aka harhaɗa da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, Palmer ya fassara shi da Turanci a 1908, aka kuma buga shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya ce Sarki Kanajeji (1390 zuwa 1410) shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke Kano. Bayan shekara 200 da ɗoriya, a zamanin Muhammadu Nazaki (1618 zuwa 1623), sai ga Wambai Giwa. Sarki ya aika neman sulhu da Katsina aka ƙi, Katsinawa suka kawo yaƙi, aka gamu a Karaye, Kanawa suka yi rinjaye. Da shekara ta kewayo Sarki ya fita yaƙi, ya bar Wambai a gida ba shi da lafiya. Da ya warke ya nemi abin da zai faranta wa Sarki rai, aka ba shi shawara ya ƙara birni. Ya ja ganuwa ta yamma, wajen Ƙofar Kabuga da Ƙofar Kansakali, yana ciyar da ma'aikata ƙwarya 1,000 ta abinci da shanu 50 kowace safiya. Daga baya ya koma Karaye ya zauna, yana kai wa Katsinawa hari yana samun ganima, har ya mallaki barade 100 masu sulke da dawaki 1,000. Aka yi masa kirari da giwa. Ƙarfinsa ya kai inda aka ji tsoron zai yi tawaye, sai aka tuɓe shi a zamanin Kutumbi (1623 zuwa 1648).

Wanda ya san yammacin Kano zai gane dalilin zamansa can. Ƙasar Karaye da Rogo, da garuruwanta irin su Yola, bakin iyaka ce, tana duban Katsina ta yamma da Zazzau ta kudu. Wanda ya riƙe ta da dawaki 1,000 ya tsare ƙofar Kano, amma yana iya buɗe ta.

In aka jera wannan labari da surar Titian, sai a ga kowanne ya kama abin da ɗayan ya saki. Surar ta ba da fuska, da launi, da ƙirar makami har ƙusa, amma ta tsaya a kan sa'a guda. Tarihin bai faɗi ko Wambai dogo ne ko gajere ba, bai siffanta dokinsa ba, amma ya ba da ciwonsa, da dabararsa ta neman yardar Sarki, da yawan abin da ya kashe, da hawansa, da faɗuwarsa. Ciwon da Titian ya rufe da ƙarfe, marubucin Kano da shi ya buɗe labari. Har wa yau surar ta ɗauki sarki ta manta da baransa Alba. Tarihin kuwa, a wannan wuri, ya ba bara fili fiye da ubangidansa. Inda suka haɗu shi ne kirari. Kiran mutum giwa da zana shi shi kaɗai da mashi a bakin kogi aiki ɗaya ne: a zaɓi siffa guda a cika ta har ta rufe sauran. Bambancin shi ne mai jin kirari ya san maroƙi ne ke magana, mai kallon sura kuwa ya kan manta akwai wanda ya biya.

7. Surorin baƙi

Akwai kashi na uku da malamai ke yawan gamuwa da shi. A Fabrairu 1823 Manjo Denham ya isa Kukawa, mahayan Shehu Laminu suka tarye shi cikin sulke da kwalkwali. Littafin tafiyarsa tare da Clapperton, wanda ya fito a 1826, yana ɗauke da surar wani mahayi daga masu tsaron Shehun Barno, da ta wani mai mashi na Bagarmi cikin lifidi, shi da dokinsa. Surorin nan suna da amfani ƙwarai wajen sanin yadda a ke ɗinka lifidi da inda sulke ke tsayawa a jiki. Amma mahayan ba su da suna. An zana su don a nuna wa mutanen Ingila irin kayan, ba don a san mutumin ba, kuma masu sassaƙa farantin bugu a London, waɗanda ba su taɓa ganin Barno ba, sun sa hannu a ciki. Kuskure ne a ɗauko irin wannan a rubuta sunan wani jarumin Kano a ƙarƙashinta, kamar yadda ya ke kuskure a nuna wa yara surorin da a ke yaɗawa na Sarauniya Amina ko Shehu Usmanu ba tare da an gaya musu ƙage ne na masu zanen baya ba.

8. Abin da ya rage ga mai zane da malami

Ba laifi ba ne mai zane na yau ya yi niyyar zana Wambai Giwa, in dai ya bayyana cewa kintace ne. Amma ya koyi abu biyu daga Titian. Na ɗaya, gaskiyar kaya. Ya je ya ga sulke da idonsa a Gidan Makama, ya duba binciken Bivar na 1964 a kan makaman Arewa, ya tambayi 'yan lifidin fada yadda a ke cusa audugar rimi da nauyin da doki ke ɗauka. Ya tuna kayan hawan salla na ado ne, kuma Wambai Giwa ya riga gidan Dabo, wanda ya fara sarauta a 1819, da shekara 200, don haka rawanin Wamban yau ba nasa ba ne. Na biyu, gaskiyar fuska. Mutumin da tarihi ya nuna ya yi jinya, ya san hanyar zuciyar sarki, ya kuma zauna a bakin iyaka yana sane da cewa a birni ana ƙirga dawakinsa. Wanda ya zana ƙato mai zare ido kawai bai karanta labarin ba.

Malami kuwa, duk sa'ad da ya ɗaga sura a gaban aji, ya kamata ya sa ɗalibai su amsa tambaya uku kafin su yarda da ita: wa ya sa aka yi ta, wa aka bari a waje, me ya faru bayan an gama ta. Surar Charles ta amsa su duka in an haɗa ta da littafi, shi ya sa ta dace da koyarwa. A karanta wa aji labarin Wambai Giwa a rana ɗaya da ita, a bar su su faɗi wanne daga cikin mayaƙan biyu suka fi sani, da dalilinsu.